Anti, kwana huɗu ban yi magana da kowa ido da ido ba

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce, shekarata 31, ban yi aure ba tukuna. Wata goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Lisbon, babban birnin Fotugal, da bizar masu aiki ta intanet. Kamfanin da nake yi wa aiki a New York yake, aikina kuwa tantance alƙaluma ne. Ina hawa kwamfuta ƙarfe 2 na rana, ba na sauka sai 10 na dare. Albashi ba laifi, ina taimakon iyayena da ƙannena. Amma Anti, akwai satin da na ƙirga, kwana huɗu cur ban buɗe baki na yi magana da ɗan Adam ido da ido ba. Sau uku ina zuwa taron baƙi masu irin aikina, duk wadda jininmu ya fara haɗuwa sai ta ce min wata mai zuwa za ta tashi zuwa wata ƙasa. Da safe ina kwance da waya a hannu har azahar, ina hira da mutanen gida. Da na fara ƙorafi sai a ce in gode wa Allah, mutum nawa ke neman irin damar da na samu. Shi kansa aikin ban san wa yake amfana ba, lambobi nake turawa su ɓace. Hayar ɗakina ta kusa ƙarewa. In tattara in koma gida ne, ko in sauya ƙasa, ko dai butulci ne ke damuna?

Ƙanwarki a Lisbon

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Tambayarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya min a rai, don haka da ita zan fara. Babu butulci a cikin abin da kika rubuto. Mutum yana iya ƙoshi kuma ƙishirwa ta dame shi, cikar ciki ba ta kashe ta. Kin gode wa Allah a kan aikin, kina kuma jin zafin zama ke kaɗai, zuciya ɗaya tana ɗaukar duka biyun. Masu ce miki ki yi shiru ki gode, hotunanki suke gani da saƙon kuɗin da ke shigo musu. Ba su ga kwana huɗun nan ba, kuma ina kyautata zaton ke ma ba ki taɓa faɗa musu shi yadda kika faɗa min ba. Kada ki riƙe su a zuciya. Amma ki zaɓi mutum ɗaya a cikinsu, yayarki ko aminiyarki ta ƙuruciya, ki gaya mata gaskiya tsirararta, da adadin kwanakin da komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke damunki sananne ne ga masu nazarin irin aikinki. Tun kafin annobar korona, masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a Ctrip, babban kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin, aka wallafa sakamakon a 2015. An raba ma'aikatan amsa waya gida biyu, wasu suka yi wata 9 suna aiki daga gida, wasu suka ci gaba da zuwa ofis. Na gida suka zarce da kashi 13 cikin 100 wajen yawan aiki. Da aka gama aka bai wa kowa zaɓi, kusan rabin waɗanda suka ɗanɗana zaman gida suka ce a mayar da su ofis, kuma kaɗaici ne babban abin da suka kawo. Waɗannan fa a ƙasarsu suke, da yarensu a baki, danginsu na kusa. Ina ga ke da kika haɗa aikin ɗaka da baƙunta? A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga lafiyar jiki ta kai ta shan sigari har kara 15 a rana. Na kawo miki wannan ne don ki daina ɗaukar lamarin a matsayin shagwaɓa. Maganar lafiya ce, kuma tana buƙatar tsari kamar yadda hawan jini ke buƙatarsa.

Yanzu mu dubi ranarki. Lisbon tana gaban New York da awa 5, shi ya sa ƙarfe 9 na safensu ya zama 2 na ranarki. Sa'ar da mutanen gari ke tashi daga aiki su fita su haɗu, ke kina tsakiyar mitin. Sa'ar da kika rufe kwamfuta, gajiya ta cinye ki, dare kuma ya yi. Yammacinki na kamfani ne gaba ɗaya. Abin da ya rage miki shi ne safiya, daga wayewar gari zuwa azahar, awa biyar ko shida kowace rana, kuma a wasiƙarki kin faɗa min inda take tafiya: gado da waya.

Ba zan ce ki rage son mutanen gida ba, Allah ya kiyaye. Muryar uwa magani ce. Sai dai ina so ki amsa wa kanki wannan tambayar ba tare da kwana-kwana ba: in zazzaɓi ya kwantar da ke yau da dare, wa ke cikin Lisbon da zai san ba ki fito ba kafin gobe da azahar? Waya tana riƙe tsohuwar zumunta, amma ba ta kawo miki ruwa bakin gado. Kuma tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: tana kashe yunwar hira daidai gwargwadon da zai hana ki fita nema, ba ta kuma ƙosar da ke. Zumunta a ƙafa take. Ki ware wa gida lokaci tsayayye, ko lokacin hutunki na tsakiyar aiki ko safiyar Lahadi, ki sanar da su, ki riƙe alkawari. Sauran safiyar ki mayar wa garin da kike ciki.

Tarukan baƙin nan da kika je sau uku kika dawo da sanyin gwiwa, ba laifinki ba ne, ba kuma laifin matan ba ne. Estoniya ta buɗe bizar masu aiki ta intanet irin taki a 2020, Fotugal ta bi sahu a watan Oktoban 2022, ƙasashe da dama suka yi haka, sai aka samu wani rukunin mutane da ke yawo da kwamfutarsu daga gari zuwa gari, wata biyu nan, wata uku can. Baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa ya tafi. Farfesa Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya yi nazari a 2018 kan yawan lokacin da abota ke ci kafin ta ƙullu. Ya gano cewa ana buƙatar kamar awa 50 na zama tare kafin sanin fuska ya koma abota ta sama-sama, kamar awa 90 kafin ta zama abota ta sosai, sannan fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. Ya kuma lura cewa awannin da aka yi ana aiki tare ba su kai na hira da hutawa tasiri ba. To ki yi lissafi, tunda lissafi sana'arki ce. Taro uku, kowanne awa biyu, awa shida ke nan, kuma kowane zuwa da sababbin fuskoki. Ko kusa ba ki kama hanyar 50 ba da kowa. Amma in kika samu wurin da za ki riƙa haɗuwa da mutane iri ɗaya awa biyu sau biyu a mako, cikin wata uku kin cika 50, cikin shekara kin haye 200. Ba sai kin zama mai surutu ko mai farin jini ba. Abin da ake nema wurinki shi ne ki dinga bayyana a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, gaban mutanen da ba tashi za su yi ba.

Wuri na farko da zan tura ki shi ne ajin koyon yare. Na san a Lisbon mutum zai iya shekara da Turanci kaɗai, masu shago da direbobi da yawa suna ji. Wannan sauƙin shi ne tarkon, domin da Turanci za ki dawwama a matsayin mai saye, ba za ki zama maƙwabciya ba. Gwamnatin Fotugal tana da shirin koyar da baƙi yare kyauta mai suna Português Língua de Acolhimento, ana yin sa a makarantun gwamnati da cibiyoyin koyon sana'a. Matakin farko da na biyu, A1 da A2, awa 150 ne a haɗe, kuma takardar A2 ɗin tana amfani ranar da mutum zai nemi izinin zama na dindindin. Ki sake kallon adadin nan: awa 150 a ɗaki ɗaya da mutane iri ɗaya, kuna tuntuɓe da kalmomi tare, kuna dariyar kuskuren juna. Su kuwa 'yan ajin yawanci zama suka zo yi, mata daga Bangaladash da Nepal da Yukren da sauran wurare, masu 'ya'ya a makaranta da miji a wurin aiki. Ki nemi ajin safe. In ba ki samu gurbi a na gwamnati ba, ki biya makarantar kuɗi, amma ajin taro wanda ake zuwa da ƙafa. Kada ki yarda da darasin mutum ɗaya ta kiran bidiyo, allon kwamfuta ya ishe ki haka.

Akwai kuma ƙananan sanayya da mutane ke rainawa. Mai sayar da burodi, tsohuwar da ke zama a benci ɗaya kullum, ma'aikaciyar ɗakin karatu na unguwa. Ki zaɓi gidan shan kofi ɗaya kusa da ke, ki riƙa zuwa lokaci ɗaya kowace safiya, ki ce "bom dia" (ina kwana) da fara'a, ki ce "obrigada" (na gode) in za ki tashi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni ma na taɓa zama a ƙasar waje shekarun karatu, kuma akwai wata dattijuwa a ƙasan benenmu da na yi wata biyu ina gaisarwa tana ɗaga min kai kawai. Wata rana mura ta kwantar da ni kwana uku. A rana ta uku na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ita ce, ta hau bene da sandarta don ta ga abin da ya hana ni wucewa. Ba mu taɓa yin hirar minti goma ba kafin ranar. Har yau in na tuna ta sai na yi mata addu'a, domin daga ranar ne garin ya daina zame min tasha.

Tunda da sallama kika buɗe wasiƙarki, zan ƙara da masallaci. Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985 kusa da dandalin Praça de Espanha, yana tara Musulmi 'yan asalin Mozambik da Gini Bisau da ƙasashen Asiya da sauransu, kuma akwai ɓangaren mata. Na san lokacin Juma'a yana goga da lokacin fara aikinki. Ki nemi shugabanki ya ba ki izinin fara aiki awa ɗaya a makare ranar Juma'a, ki biya a wata rana. Ƙaramar buƙata ce, kuma masu aiki ta intanet suna neman irinta kullum. In kin je, kada ki zari takalmi da an sallame. Ki zauna minti goma, ki gaisa da wadda ke gefenki, mako na gaba ki koma sahu ɗaya. Haka nan, tunda za ki yi maganar lokaci da shugaban naki, ki gwada neman rana ɗaya a mako da za ki fara da wuri ki tashi ƙarfe 6 na yamma, ko yamma ɗaya ki samu irin ta kowa.

Sai maganar aikin da kika ce lambobi ne kike turawa su ɓace. A nan zan ɗan tsaya, domin ina ganin rabin ciwon a nan yake. Masanin halayyar ma'aikata Adam Grant ya wallafa wani nazari a 2007 kan masu buga waya suna nema wa wata jami'a gudummawar kuɗi a Amurka, aiki mai gundura wanda yawancin waɗanda aka kira ƙi suke yi. Aka kawo wa wasu daga cikinsu ɗalibi ɗaya da ke karatu da tallafin kuɗin da suke tarawa, ya zauna da su kamar minti biyar ya ba su labarinsa. Bayan wata guda, lokacin da suke ɓatawa a kan waya da kuɗin da suke tarawa duk sun haura ninki biyu. Ba a ƙara musu albashi ba, ba a sauya musu aiki ba, fuskar wanda ke amfana kawai suka gani. Ke ma ki nemi taki fuskar. Ki tambayi shugabanki wa ke karanta rahoton da kike haɗawa, wace shawara ake yankewa da shi, ki roƙi a sa ki a mitin ɗaya da masu amfani da shi ko da sauraro kawai za ki yi. Mai yiwuwa ki tarar lambobinki suna hana wani asara ko suna sauƙaƙa wa wata aiki. In kuma kin bincika kin ga aikin neman halali ne kawai, to wannan ma ba ƙaramin abu ba ne: kuɗin makarantar ƙannenki da maganin iyayenki daga nan suke fita.

Amma kada ki ɗora wa aikin albashi nauyin ba ki dalilin tashi da safe shi kaɗai. Ki nemi wurin da za a dogara da ke. A Lisbon akwai ƙungiyar Refood, wadda wani Ba'amurke mazaunin garin, Hunter Halder, ya fara a 2011 da keke ɗaya, yana karɓar abincin da ya rage a gidajen abinci yana kai wa mabuƙata. Yanzu tana da cibiyoyi a unguwanni, kuma abin da suke nema wurin mai aikin sa-kai awa biyu ne a mako. Akwai kuma Banco Alimentar Contra a Fome, masu tara kayan abinci a ƙofar manyan kantuna sau biyu a shekara. Ki je cibiyar da ta fi kusa da ke ki tambayi gurbin da ya dace da lokacinki, ko ranar Asabar ne. Abin da nake so ki kama shi ne aiki mai suna da rana, wanda in ba ki zo ba wani zai ɗaga waya ya ce ina wance. Kuma kada ki raina sana'arki a can. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa suna fama da rubutun shiga da fita a takardu barkatai, mace mai iya tsara alƙaluma a wurinsu kamar ruwan sama ce. Ranar da kika ga jadawalin da kika gyara ya sa abinci ya isa gida goma da wuri, za ki kalli kwamfutarki da wani ido.

Dole in ja kunnenki a kan abu ɗaya, a matsayina na yayarki. Kaɗaici yana sassauta sakatar ƙofa. Mace baƙuwa mai albashi, wadda ke zaune ita kaɗai, akwai masu farautar irinta, a titi da kuma a intanet: mai cewa zai taimaka miki da takardu, mai nema miki gida, mai soyayyar da ke kai wa ga rancen kuɗi cikin mako uku. Duk sabon mutum ki haɗu da shi da rana, a bainar jama'a. Adireshinki da cewa ke kaɗai ce a ɗaki, ki bar su a cikinki sai sanayya ta yi nisa. In maganar aure ta taso, ina miki fatan alheri, amma kada ki amsa ta don gudun shirun ɗaki. Ki bari sai kina da mata biyu ko uku a garin da za su ga mutumin su faɗa miki abin da suka gani. Lambar gaggawa a can 112 ce, ki ajiye ta a ka.

Kwanciyar nan har azahar ma ban wuce ta ba. In kin lura fiye da mako biyu ke nan komai ya fita ranki, barci ya rikice, cin abinci ya sauya, ko kina jin rayuwar ba ta da amfani, to ya wuce kewa, ciwon damuwa ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, kuma yana da magani. Ki kira layin lafiya na SNS 24 a 808 24 24 24, suna da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ki je cibiyar lafiya ta unguwarki. Wannan kada ki jinkirta shi.

To, ki koma gida, ki sauya ƙasa, ko ki zauna? Sauya ƙasa dai ban ba ki shawara ba ko kaɗan. Agogon awannin nan zai koma sifili, ki sake sabon yare, sabuwar unguwa, da tsohon ɗaki mai shiru. Komawa gida ba abin kunya ba ne, ba kuma faɗuwa ba ce, musamman in kamfanin zai yarda ki tafi da aikinki. Sai dai ina jin in kika tafi yanzu, za ki tafi ba tare da kin san ko garin zai karɓe ki ba, domin a gaskiya ba ki gwada shi ba tukuna. Wata goma sha ɗaya kin yi su ne kamar fasinja mai jiran mota, jaka a gefe. Ra'ayina shi ne ki sabunta hayar, wata shida ko shekara, a unguwar da kike. Ki kwance akwatunan duka, ki rataye hoton iyayenki a bango, ki sayi tukunyar fure da za ta buƙaci ruwa daga hannunki. In da hali ki je gida hutu a tsakani, da tikitin dawowa a hannu, ki sha ɗumin uwa ki dawo. Bayan wata shida na aji da aikin sa-kai da Juma'a, ki sake yi wa kanki tambayar zazzaɓin nan. In har lokacin babu sunan da ya faɗo miki, ki tattara ki koma da kanki a sama, ni ce zan fara yi miki barka da zuwa.

A wannan makon abu biyu nake so ki yi: ki kira yayarki ki faɗa mata maganar kwana huɗun nan, sannan ki taka da ƙafarki ki rubuta sunanki a aji. Ki sake rubuto min bayan wata uku. Ina son jin wace ce ke zama kusa da ke a ajin, daga wace ƙasa ta fito, da ko kin riga kin san hanyar gidanta.

Allah ya haɗa ki da mutanen kirki.

Antinki